Tsakanin Walƙiya Da Tsawa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Bichi, ko wadda ta bi ta Dambatta zuwa Kazaure, a tsakiyar damina, ya san irin ƙasar da za mu yi magana a kanta. Gona ce ke bin gona, ba daji ko kaɗan, sai gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya tsaitsaye jefi-jefi cikin gero da dawa. Tun a 1965 wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Michael Mortimore, shi da abokin aikinsa, suka buga bincike a kan ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, suka nuna yadda a ke nome kusan dukan ƙasar kowace shekara ba hutu, jakuna na ɗauko taki daga birni suna kai wa gonaki. Mutanen da ke zaune a ƙasa irin wannan ba su da rarar fili, ba su da rarar lokaci. In manomi ya kwanta mako guda a lokacin noman firi, rumbunsa ne zai ba da labari da kaka.

To, a ce ga dattijo da ɗansa suna maimai da la'asar. Hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi ƙirin. Yaron ya yar da fartanya zai ruga gida, uban ya ce masa, "Koma bakin aikinka, da saura." Suka ƙara kunya uku ko huɗu. Can sai iska mai sanyi ta taso, ganyen dawa ya soma kaɗawa, tsohon ya miƙe ya ce, "Yanzu kam mu tafi." Suna sa ƙafa a zaure ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

Su biyun duk sun ga hadarin nan, duk kuwa sun san ruwa ke bayansa. Abin da uban ya fi ɗan da shi shi ne sanin tsawon lokacin da ke tsakanin alama da abin da ta ke sanarwa. Wannan tazara ita ce maganarmu ta yau, domin a kanta ne koyon kauce wa hatsari ya rataya, ga mutum da dabba baki ɗaya. In ta yi gajarta ainun, gargaɗi ba shi da amfani, don ba halin gudu. In ta yi tsawo ainun, zuciya ba ta iya ƙulla alamar da wahalar, sai mutum ya yi ta faɗawa rami ɗaya shekara da shekaru bai san abin da ke tura shi ba.

LISSAFIN TSAWA

Bari mu fara da alamar da kowa ya sani. Walƙiya da tsawa abu ɗaya ne, tare su ke faruwa. Amma haske ya kan iso ido nan take, ƙara kuwa tafiya ta ke yi cikin iska, wajen mita 340 a daƙiƙa ɗaya, watau kashi ɗaya cikin sittin na minti. Saboda haka in ka ga walƙiya ka shiga ƙirga, kowace daƙiƙa 5 mil guda ke nan tsakaninka da inda ta faɗa, ko kuwa kilomita guda a kowace daƙiƙa 3. In ƙirgen yana raguwa, hadarin gare ka ya nufo. Malamin makaranta na iya koya wa yaran aji uku wannan lissafi cikin rabin sa'a, su tafi da shi har tsufa. Sai dai a ƙara musu da cewa masana yanayi sun ce matuƙar kana jin tsawa, to, kana inda aradu za ta iya samunka.

Ga kuma abin mamaki. Kowa ya ji an ce kada a fake gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili sa'ad da a ke tsawa, amma da ruwa ya tsuge sai ka ga manoma sun nufi gindin ɗorawa. Dalili kuwa a fili ya ke. Itacen yana tare ruwa nan take, kuma kullum ya ke tarewa. Aradu kuwa mutum ya fake sau ɗari bai gan ta ba. Ladan da ke zuwa yanzu-yanzu ya rinjayi hatsarin da ba ya zuwa sai jefi-jefi. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu sake gamuwa da shi a gaba.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

Binciken wannan al'amari a ɗakin gwaji ya samo asali daga ƙasar Rasha, wurin wani masani mai suna Ivan Pavlov, wanda ya sami lambar Nobel a 1904 saboda aikinsa a kan narkewar abinci. Shi ne ya nuna cewa in a kan yi wata ƙara kafin a ba kare abinci, a kwana a tashi ƙarar kaɗai ta isa ta sa miyau ya zubo masa. Ya kuma lura cewa lalle ne ƙarar ta riga abincin. In ta biyo baya, karen ba ya koyon wani abin kirki. Mu ma muna da sunan irin wannan gargaɗi, ihu bayan hari.

A 1953 waɗansu masana biyu na Jami'ar Harvard ta Amurka, Richard Solomon da Lyman Wynne, suka juya gwajin ta fuskar wahala. Suka sa kare cikin akwati mai ɗaki biyu, da ɗan shinge a tsakani. Sai a kashe fitilar ɗakin da ya ke, bayan daƙiƙa 10 a saki lantarki a daɓen, ya ja shi, ba shi da mafita sai ya tsallake shingen. Da farko karen ba ya tsallakewa sai ya ji zafi. Bayan 'yan gwaje-gwaje kaɗan, da an kashe fitila sai ya yi tsalle, lantarkin bai ko taɓa shi ba. Gwaji ne mai tsanani, a yau dokokin kula da dabbobi sun taƙaita irinsa ƙwarai, amma abin da aka koya daga gare shi yana nan.

A 1954 wani abokin aikinsu, Leon Kamin, ya tambayi abin da ya fi shafarmu: in aka tsawaita tazarar fa? Ya riƙa yin gajeriyar ƙara, sa'an nan a yi shiru, sa'an nan lantarki ya zo, yana tsawaita jiran daga daƙiƙa 5 har zuwa 40. Gwargwadon tsawon jiran, gwargwadon wuyar koyon. Ku duba fa, daƙiƙa 40 ba ta kai minti guda ba, amma ta isa ta raunana igiyar da ke ɗaure alama da wahala.

A 1953 ɗin nan dai wani kuma, Murray Sidman, ya cire alamar ɗungum. Ya sa ɓera inda lantarki ke zuwa a kan ƙa'idar lokaci, ba fitila ba ƙara, amma in ya danna wani ɗan ƙarfe sai a jinkirta masa. Ɓerayen suka koyi dannawa, suka kuɓutar da kansu daga mafi yawan wahalar. Ashe shuɗewar lokaci kanta tana iya zama alama. Wannan ba baƙon abu ba ne ga uwargida wadda ta ɗora tukunya ta shiga ɗaki tana hira, can sai ta zabura ta fito ta sauke tun ba a ji ƙauri ba. Ba wanda ya kira ta, agogon da ke cikin zuciyarta ne ya buga.

INDA SANI KE SHIGA

Dabba ke nan. Mutum fa? An daɗe a na yi wa mutane wani gwaji marar cutarwa: a yi ƙara, sa'an nan a hura wa mutum 'yar iska a ido. In an maimaita, sai ido ya riƙa ƙiftawa da jin ƙarar, kafin iskar ta iso. An tarar cewa wannan koyo ya fi sauri in tazarar ta kasance wajen rabin daƙiƙa.

A 1998 Robert Clark da Larry Squire, a Kalifoniya, suka raba gwajin gida biyu. A na farko ƙarar tana ci gaba har iskar ta zo ta same ta. A na biyu ƙarar tana yankewa, a yi ɗan shiru na rabin daƙiƙa ko daƙiƙa guda, kana iskar ta zo. A na farko mutane sun koya ko sun lura da dangantakar ko ba su lura ba, har da marasa lafiyar da ciwo ya lalata musu sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe sababbin abubuwa. A na biyu kuwa waɗanda suka koya su ne waɗanda suka gane, har suna iya faɗa da baki, cewa ƙarar nan ita ke sanar da iskar.

Wannan magana babba ce. In gargaɗi da wahala suna manne da juna, kamar hucin garwashi da ƙuna, jiki da kansa ya ke koyo, ba ya bukatar malami. Shi ya sa ba a buɗe aji don koya wa yaro tsoron wuta ko kunama. Amma da zarar giɓi ya shiga tsakani, sai da sani a ke haye shi. Giɓin daƙiƙa guda ke nan. To, ina ga giɓin mako biyu, ko na shekara?

CIWON DA KE JINKIRI

Tsofaffinmu ba su manta da kurkunu ba. Mutum ya sha ruwan kududdufi ko tafki a daminar bana, cikin ruwan akwai waɗansu ƙananan ƙwari da ido ba ya cika gani, su ke ɗauke da 'ya'yan tsutsar. Ba ya jin kome. Sai bayan wata 10 zuwa 14, watau damina ta zagayo, ƙafa ta yi bororo, tsutsa ta leƙo, ta kwantar da shi daidai lokacin da gona ke nemansa. Don ya sami sanyi sai ya tsoma ƙafar cikin kududdufin, tsutsar ta zuba 'ya'yanta, na baɗi ya samu ke nan. Wace zuciya ce za ta ƙulla kurɓin ruwan bara da ciwon bana? Mutanen dā ba wawaye ba ne, tazarar ce ta fi ƙarfin abin da jiki ke iya koya da kansa.

Wajen 1870 wani masani ɗan Rasha, Alexei Fedchenko, ya gano ƙwaron ruwan da ke ɗaukar cutar. Sa'ad da aka yi ƙidayar farko ta ƙasa baki ɗaya a Nijeriya, a 1988 zuwa 1989, an sami masu kurkunu fiye da 650,000. Ciwon ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar da ke kashe shi. Da me aka yaƙe shi? Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyin burtsatse, da maganin da a ke zubawa a tafki, da hana mai ciwo shiga ruwa, da 'yan sa kai na ƙauye masu bi gida-gida suna bayani. Gwamnati da Cibiyar Carter da sauran masu taimako suka dage, Janar Yakubu Gowon ma ya yi ta zagaya ƙauyuka a kan wannan aiki. An ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da shi. Magana ce ta cike giɓin shekara guda.

Zazzaɓin cizon sauro ma haka ya ke. Tsakanin cizo da zazzaɓi akwai mako ɗaya zuwa biyu, kuma sai a 1897 Ronald Ross ya ga ƙwayar cutar cikin cikin sauro a Indiya. Ga shi sauro na cizo kowane dare, zazzaɓi kuwa ba kowane cizo ya ke bi ba. Don haka in yaro ya kwanta, sai a waiwayi abin da ya faru jiya, a ce ruwa ne ya doke shi. Zuciya ta fi son ɗora laifi a kan abin da ke kusa.

Akwai wuri guda da jiki ke jure dogon jira, shi ne wajen abinci. John Garcia da abokan aikinsa sun nuna, a 1955 da 1966, cewa ɓeran da ya ɗanɗani wani sabon abu, sa'an nan aka sa masa ciwon ciki, ko da bayan sa'a guda ne, ya kan ƙi abin nan daga gwaji ɗaya tak. Wannan rahama ce, don tana tsare mu daga guba. Amma ita ma ta kan yi kuskure. Mutum ya ci wani abinci da rana, zazzaɓin da ya riga ya shiga jikinsa tun makon jiya ya sa shi amai da dare, shi ke nan ya ƙi abincin nan shekara goma, sauro kuwa ya tafi abinsa ba wanda ya tuhume shi.

A gona kuma ga ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta. Ya kan kama saiwar dawa ko gero a ƙarƙashin ƙasa, ya yi makonni yana tsotso kafin ya ɓullo. Ran da manomi ya ga furensa mai kyan gani, ɓarna mai yawa ta riga ta auku. Amma furen nan da ya makara ga bana, gargaɗi ne a kan kari ga baɗi, domin tsiro guda na zubar da iri dubbai, irin kuma na iya yin shekara 10 ko fiye cikin ƙasa yana jira. Wanda ya tuge shi kafin ya zubar da iri, ba don bana ya yi ba. Sai mai sani ke yin wahala yau saboda ladan da ba zai gani ba sai shekaru masu zuwa.

GARGAƊIN DA BA KOME BAYANSA

Sa'ad da gero ya soma ido, a kan tura yara gona da gwangwani da majajjawa su kori tsuntsaye, musamman jan baki, masu sauka kamar girgije. Kowane yaro da ya yi wannan aiki ya san cewa mutum-mutumi kwana kaɗan ya ke aiki. Ran farko tsuntsaye na kewaye shi, ran na biyar suna sauka a kafaɗarsa. Haka gwangwanin da iska ke kaɗawa dare da rana. Amma yaron da ke yin ihu sa'an nan ya bi da hoge daga majajjawa, shi tsuntsaye ke girmamawa har a yi girbi.

A 1968 Robert Rescorla ya tabbatar da wannan a ɗakin gwaji. Ya nuna cewa bai isa a ce ƙara da wahala su kan haɗu ba, sai wahalar ta fi aukuwa bayan ƙarar bisa ga sauran lokatai. In tana zuwa ko da ƙara ko babu, dabba ba ta jin tsoron ƙarar, domin ba ta ƙara mata sanin kome ba. Darajar gargaɗi tana ga labarin da ya ke ɗauke da shi, ba ga ƙarfin muryar mai yinsa ba.

TSORON DA BA YA TSUFA

Mu koma ga karnukan Harvard. Bayan sun ƙware, sai aka kashe lantarkin ɗungum, aka ci gaba da kashe fitila. Karnukan suka yi ta tsalle, waɗansu har sau 200 ba su fasa ba. Me zai sa su fasa? Kowane tsalle, a ganinsu, shi ya cece su. Ba su taɓa tsayawa su ga cewa hatsarin ya gushe ba. A 2009 Peter Lovibond da abokan aikinsa a Ostireliya suka ga irin wannan ga mutane: waɗanda aka bar musu maɓallin kariya suna dannawa bayan an cire wahalar sun ci gaba da tsammaninta, waɗanda aka hana su dannawa kuwa suka gane ta wuce.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Gudun tsumma ba shi da tsada. Amma akwai gudun da ke da tsada. A nan ne camfi da yawa ke samun wurin zama, kamar hana yaro ƙwai don kada ya tashi ɓarawo: an hana, yaron bai yi sata ba, sai a ce ka gani. Ga kuma maganar rigakafi. Uwa ta kai jariri an yi masa allura da safe, da yamma jikinsa ya yi ɗumi, ya kwana kuka. Wannan ta gani da idonta, kuma a ranar. Ƙyandar da ba ta kama shi ba bayan shekara biyu kuwa, wa zai nuna mata ita? Labarin gindin ɗorawa ne ya dawo: na kusa ya danne na nesa. Malamin asibitin da ya gaya mata tun kafin allurar cewa jiki zai yi ɗumi kwana ɗaya ko biyu ya wuce, ya mai da abin tsoro ya zama abin da a ke jira, kuma zai sake ganinta a wata mai zuwa.

AGOGON ZUCI BA ABIN SHAIDA BA NE

Mun yabi agogon uwargida, amma kada a ɗauka ba ya kuskure. A 2002 Patrick Haggard da abokan aikinsa a Landan suka sa mutane danna maɓalli, ƙara ta biyo bayan rubu'in daƙiƙa. Mutanen suka riƙa jin dannawar da ƙarar sun fi kusa da juna bisa ga yadda su ke a haƙiƙa. Zuciya ta kan jawo aikinmu da sakamakonsa ta haɗa su. A 2007 kuma David Eagleman da abokansa a Amurka suka saki masu sa kai daga bisa hasumiya, suka faɗo mita 31 cikin raga. Da aka tambaye su, sai suka ƙiyasta faɗuwarsu ta fi ta waɗanda suka kalla tsawo da wajen sulusi. Tsoro na miƙa lokaci cikin tunani.

Amfanin sanin wannan yana bakin titi. Motar da ke gudun mil 60 a sa'a tana cin ƙafa 88 a kowace daƙiƙa, kusan yadi 30. Direban da ya danna oda saura yadi 30 tsakaninsa da yarinya mai tallan fura, daƙiƙa ɗaya tak ya ba ta, wadda da ƙyar ta isa ta juyo, balle ta kauce. Shi zai rantse ya yi oda tun da nisa, masu kallo su rantse bai yi ba sai da ya iso, kuma mai yiwuwa ba wanda ya yi niyyar ƙarya a cikinsu. Ita yarinyar kuwa idonta da tafiyar jaki da keke ya saba auna nisa. Makarantun da ke bakin hanyar Katsina da ta Daura sun cancanci a fitar da yaransu, a tsaya nesa da kwalta, a sa su ƙirga daƙiƙa nawa mota ke yi daga wancan itace zuwa nan. Abin da suka ƙirga da bakinsu ya fi zama bisa ga tsawar da a ke daka musu.

GA MALAMAN MAKARANTA DA NA OFIS

Malamin da ya tara laifofin mako ya ce sai ran Juma'a za a yi hisabi, ya sani yaron da ya yi laifi ran Litinin ba laifin zai ƙulla da horon ba, Juma'ar zai ƙulla da shi, sai a wayi gari ba ya zuwa ran Juma'a. Malamin da ke cewa "zan yi maka" sau ashirin a yini bai taɓa yi ba, ya zama mutum-mutumi. Wanda ya fi su ɓarna shi ne mai horo ba gargaɗi, yau ya yi dariya a kan abu, gobe ya yi fushi a kansa. A 1967 Martin Seligman da Steven Maier sun nuna cewa karnukan da aka ba wahalar da ba su da hanyar tsayar da ita, daga baya ko an buɗe musu hanya yawancinsu ba sa nema, sai su kwanta su jure. Yaron da ya zauna a ƙarshen aji ya daina ɗaga hannu, a bincika ko ba haka ta same shi ba. Gyara mai amfani shi ne wanda ya zo kusa da kuskuren, aka faɗi dalilinsa, aka kuma bar wa yaro ƙofar da zai bi ya tsira.

Malamin ofis kuma sanarwa ce sana'arsa. A zamanin En'e takarda kan tashi daga ofis zuwa ga hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, sa'an nan mai shela ya zaga. Yau ga rediyo ga wayar hannu, amma tambayar ba ta sāke ba: yaushe maganar za ta isa kunnen manomi, kuma kwana nawa ya rage masa ya yi wani abu? Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya ta kan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, shuka kuwa a ƙasar Kano sai wajen Yuni. In an karanta hasashen sau ɗaya cikin sanyi aka rufe fayil, an manta da shi kafin ruwan shuka. In kuwa aka jira har iri ya shiga ƙasa, an yi fargar Jaji. A faɗa da wuri don a shirya, a maimaita dab da lokaci don a aikata, a faɗi abin da za a yi, kuma in an yi gargaɗi abin bai auku ba, a dawo a bayyana dalili, don kada na gaba ya zama kaɗawar gwangwani.

Dattijon nan da muka fara da shi damina arba'in ya yi kafin ya san tazarar da ke tsakanin baƙin hadari da ɗigon farko, ruwa ya doke shi ba adadi. Ɗansa ba ya bukatar damina arba'in, in ya sami mai gaya masa. Kurkunu ya yi ɗaruruwan shekaru yana kwantar da manoma, ya tafi cikin shekara ashirin sa'ad da aka sami masu bayani da masu saurare. Sauro da ƙuduji da motar kan titi suna nan suna jiran irin wannan aiki, allo da alkalami kuwa suna hannunku. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu ji gargaɗi a kan kari, amin.